Yadda na koma karatu da marayu huɗu a hannu saboda 'yan jardan

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Tawa. Na daɗe ina son in rubuta abin da ya same ni a 'yan shekarun nan, musamman saboda 'yan uwana mata da aka tura koyarwa a jardan, wato makarantar ƙananan yara ta kafin firamare, suna ganin an rage musu daraja ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka kyautata mini Allah ya san su, waɗanda suka ɓata mini kuma na yafe.

An haife ni a wani ƙauye na Adar, cikin duwatsun da ke tsakanin Tawa da Keita. Gidanmu irin na sauran Adarawa ne: da an gama girbi maza su ɗaure kaya su tafi cin-rani, a bar gari da mata da tsofaffi da yara. Mahaifina Abijan yake zuwa. Shigata lakwal, wato makarantar boko, ba shawararsa ba ce, an zo ɗaukar yara ne mai gari ya ba da sunana, Inna ta kwana tana kuka. Ina da shekara bakwai a lokacin, ban taɓa riƙe alli ba, ban taɓa jin kalma ɗaya ta Faransanci ba. Mushe, wato malaminmu, ya shigo ya yi ta magana, mu kuwa muna zaune a ƙasa muna kallon bakinsa. Da yawa cikin waɗanda muka shiga CI, ajin farko na firamare, tare tun a shekarar farko suka yanke ƙauna, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, sai don babu wanda ya shirya su kafin a jefa su ciki.

Koleji a Tawa na yi shi, a gidan gwaggona, inda sai na yi daka na ɗebo ruwa kafin in ɗauki jaka. Na samu BEPC, takardar shaidar gama koleji, aka yi mini aure, maigidana ya yarda na shiga makarantar horon malamai ta Kawsen. Daga nan na fara aiki a matsayin 'yar kwantiragi a ƙauye, kuɗin wata wani lokacin sai an ci bashin mai kanti kafin su iso. Daga baya na samu lambar aiki, na kuma ci jarrabawar CAP ta ƙwarewar koyarwa. Duk wannan a firamare ne, kuma ina son aikina.

Haihuwata ta uku ce ta zo da gardama, sai da aka yi mini aiki. Da na warware na je karɓar takardar komawa, wanda ke rabon wuraren aiki ya dube ni da tausayi ya ce, "Madam, jardan za mu kai ki, ki je ki huta." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Haka ake ɗaukar wurin: mai ciki, mai jego, marar lafiya, wadda ta kusa ritaya. Wata abokiyar aikina ma har jaje ta zo yi mini.

Babu hutu a jardan. Yara ne 'yan shekara uku zuwa biyar, cike da rumfar zana, wannan na kukan uwarsa, wancan ya yi fitsari a tabarma, wata ta ciji 'yar uwarta a kan marfin kwalba. Abin da aka koya mini duk na ɗan firamare ne, wanda zai zauna ya kalli allo. Ɗan shekara uku ba ya zama. Wadda ta fara koya mini aikin wata dattijuwa ce mai sharar makarantar, ba ta taɓa shiga aji ba. Ita ta nuna mini cewa yaron da ke ihu ba a yi masa magana daga sama, durƙusawa ake yi har ido ya yi daidai da ido, a rage murya. Na gwada, na ga ya yi shiru yana kallona. Sannu a hankali na fara gane cewa a nan ake yin abin da ni ban samu ba ina ƙarama. Yaron da ya yi jardan yana shiga CI ya san riƙon alli, ya san jiran layinsa, ba ya tsoron buɗe baki a gaban babba.

Bayan wasu shekaru aka ba ni shugabancin jardan ɗin. Sunan shugabanci ne kawai. Jardan ɗinmu a cikin harabar wata firamare yake, kuma duk farkon shekara idan za a raba azuzuwa, ginin siminti na manya ne saboda su ke da jarrabawa, zana kuma ta ƙanana. A wurin taro ni ake tambaya daga ƙarshe, lokacin da kowa ya fara neman takalminsa. In na yi magana a ce, "Ai 'yan naki wasa kawai suke yi." Ina jin a raina ba daidai ba ne, amma ba ni da hujjar da zan ajiye a kan tebur, ban san dokar da zan kafa da ita ba, ban iya rubuta rahoton da zai wuce ofishin farko ba.

A 2019 Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Fatauci yake yi na albasa, ya dawo daga tafiya ya ce kansa na ciwo, kafin a kai ga asibiti hawan jini ya kayar da shi. Ya bar ni da 'ya'ya huɗu, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Wata huɗu da kwana goma na takaba na yi su ne ban san dare ban san rana ba. Da na koma aiki, ba wa'azin kowa ne ya tayar da ni ba illa yaran nan. Ba su san ta'aziyya ba. Ina shiga suka rugo suka riƙe mini zane, kowa na son ya ba ni labarin akuyarsu ko sabon takalminsa. Dole ka amsa, dole ka yi waƙar safe ko da hawaye na zuba.

Sai ranar 13 ga Afrilu 2021, daidai shigowar azumi, labari ya zo daga Yamai cewa gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, azuzuwan zana sun kama, yara wajen 20 sun rasu, galibinsu 'yan jardan. Manya sun tsallake sun gudu, ƙananan ba su san inda za su nufa ba. A daren nan ban runtsa ba. Da safe na isa makaranta kafin kowa na tsaya a tsakiyar ajinmu ina dubawa da sabon ido. Zana ta bushe ƙayau da zafin bazara. Ƙofa ɗaya ce, mutum biyu ba sa wucewa tare. A bayan zanar, taku kaɗan, ga murhun mai tuyar ƙosai da tokar jiya a ciki. Da yaran suka zo na ce mu yi wasa, in na tafa hannu kowa ya fita da gudu. Na tafa. Suka cushe a bakin ƙofa, wasu suka faɗi, wani yaro ya koma ciki neman takalminsa, wata ƙarama kuma ta zauna a lungu ta rufe fuska da hannu tana dariya, ta ɗauka ɓuya ake yi. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa.

Na je wurin shugaban firamaren, na je wurin kwamitin iyaye, na roƙa a yi musanya, a ba ƙanana aji ɗaya na gini. Aka ce ba kuɗi, ba wuri, kuma "Madam, Allah ne ke tsarewa." Na ce haka ne, amma shi ne ya ba mu hankali. Abin da na samu kawai shi ne an matsar da masu tuya an kuma buɗe mini ƙofa ta biyu. A watan Nuwamba na shekarar wata gobarar ta sake cin yara fiye da 20 a Maraɗi, gwamnati ta hana sa 'yan jardan a azuzuwan zana a duk faɗin ƙasa. Na yi murna da dokar, sai dai doka ba ta gina aji. A wasu wuraren abin da ya fi sauƙi shi aka yi, aka sallami ƙananan suka koma gida. Sai na ga duk inda aka juya su ne a ƙasa, in an bar su suna cikin haɗari, in an tashi gyara su ake fara kora. A nan na ƙudurta cewa sai na kai matsayin da za a tambaye ni tun kafin a yanke shawara.

Hanyar ita ce jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai ta ENS da ke Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, inda ake horar da masu ba malamai shawara da sufetocin ilimi. Na nemi tsofaffin takardu wurin waɗanda suka riga ni, ina karatu bayan yara sun yi barci. Da sakamako ya fito da sunana a ciki, murnar ba ta kai yamma ba, domin sai an sanar da dangin maigidana. Yayansa, wanda shi ne uba ga 'ya'yana yanzu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke yanzu da marayu huɗu za ki bar gari ki tafi Yamai zaman aji? Aikin da kike da shi bai ishe ki ba? Raino ne fa, har sai an je jami'a?" Na ce, "Yaya, rainon ne nake so in iya." Bai hana ni ba, bai kuma sa albarka ba. A gari kuwa an yi magana, har da masu cewa miji na tafi nema.

Inna ce ta raba gardama. Matar da ta yi kuka ranar da aka sa ni lakwal ita ce ta kwaso kayanta daga ƙauye ta tare a gidana. Ta ce, "Tafi, ɗiyata. Ni na riƙe ki, zan riƙe naki." Na ɗauki kuɗin adashe, na sayar da tumakina biyu, na hau mota da asuba a 2022. Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, duk ban ga hanya ba, fuskata na cikin mayafi.

Na kama ɗaki a Harobanda, hayin kogi, tare da wata malama daga Damagaram da ita ma ta baro nata 'ya'yan. Albashi ɗaya ya koma ciyar da gida biyu. Sau da yawa dambun zogale na bakin hanya ne abincin rana da na dare. Ban iya Zabarmanci ba, ban taɓa rubutu da kwamfuta ba, shafi ɗaya sai ya cinye mini dare. 'Yan jami'a matasa suna ce mini Tanti, kuma wata yarinya sa'ar ɗiyata ta fari ce ta zauna da ni ta koya mini yadda ake adana rubutu kada ya ɓace. Allah ya saka mata.

Amma karatun, wallahi, ya buɗe mini kai. Na ji tarihin abin da nake yi ban san asalinsa ba: Froebel da ya kafa irin wannan makaranta a Jamus a 1840, Maria Montessori da ta buɗe gidan yaranta a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907 ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yaro. Na karanta dokar ilimi ta ƙasarmu ta 1998, na ga ilimin kafin firamare yana cikinta a rubuce, ba alfarma ce ake yi wa kowa ba. An koya mana yadda ake tsara inda ya kamata a buɗe makaranta, yadda ake lissafin kuɗin aiki, yadda ake zama a bayan aji a lura da malama ba tare da an tsorata ta ba, da yadda ake rubuta rahoto mai adadi da hujja. An nuna mana muhimmancin kwana 1000 na farkon rayuwa, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, da yadda tamowa ke taɓa ƙwaƙwalwa tun kafin yaro ya ga ƙofar makaranta.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gwajin Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan. A lokacin koyon aiki na yi shi da hannuna. Na zuba kunu daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, na tambayi wani yaro ɗan shekara huɗu, ya ce daidai suke. A gabansa na juye ɗaya a wata kwalba doguwa siririya. Na ce, wanne ya fi yawa? Ya nuna kwalbar da ƙarfinsa, har yana mamakin tambayar. Na mayar a kofi, ya ce yanzu sun koma daidai. Ba wauta ba ce, tunaninsa ne bai kai wannan matakin ba tukuna, sai wajen shekara shida ko bakwai. Na tuna yara nawa ake tsawata wa, har a kai musu hannu, a kan abin da lokacinsa bai yi ba. Jaririn da bai yi haƙori ba ba a ba shi ƙashi a ce ya ƙi ci.

A kan wannan na rubuta kundina na kammalawa. Iyaye da yawa, musamman a birni, so suke ɗan shekara uku ya dawo gida da littafi cike da rubutu yana rera Faransancin da bai san ma'anarsa ba, wasu makarantun kuɗi kuma suna ba su abin da suke so har da aikin gida. Ni ban yarda da wannan ba, kuma na faɗa a gaban masu jarraba ni. Muna da carafke, a cikinta akwai ƙirga da haɗa ido da hannu. Muna da langa, da gaɗa, da tatsuniya, da kacici-kacici. Yaron da ya iya ba da tatsuniyar gizo daga farko zuwa ƙarshe da harshen uwarsa ya riga ya kama hanyar karatu. Ba sabon abu ba ne a Nijar, tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram.

Shekara ta biyu ce ta kusa karya ni. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sa wa ƙasa takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, shinkafa da mai suka yi tsada. Da fitilar waya muke karatu. Ana cikin haka, a ƙarshen damina, aka kira ni da dare cewa autata zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita har tana suma. Ban san yadda gari ya waye ba, ban san yadda na iso Tawa ba. Na same ta da ƙarin ruwa a hannu, idanu sun faɗa. Da ta farka ta gan ni, ba ta yi murmushi ba, ta juya ta riƙe Inna. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk maganganun mutane. Na zauna a bakin gadon ina tambayar kaina: na tafi koyon yadda ake kula da 'ya'yan wasu, tawa kuma ta fara mantawa da ni? Yayan maigidana ya zo dubiya, bai ce komai ba, shirunsa ya isa. A raina na gama yankewa, ba zan koma ba.

Da yarinyar ta fara cin abinci na gaya wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ciwon nan da kina nan ma sai ya zo. In kika zauna yanzu, wahalar da yaran nan suka sha ta rashinki ta tafi a banza. Ki ƙarasa, sannan ki dawo ki biya su." Na yi kuka sosai a ranar. Ita ta raka ni tasha. Har yau ban ce na san amsar tambayar da na yi wa kaina a bakin gadon nan ba, abin da na sani shi ne na koma, kuma na gama a 2024.

Yanzu ina Tawa a matsayin mai ba malaman jardan shawara. Yawo ne aikin, a bayan babur, cikin gari da ƙauyukan kewaye. Kwanakin baya na je wani aji malamar ta nuna mini wata yarinya ta ce taurin kai ne da ita, ba ta amsa kira. Na zauna a baya ina kallo. Na lura in malamar na gabanta tana bin bakinta da ido tana yin abin da aka ce, in ta juya baya shi ke nan. Na zagaya ta bayanta na kira sunanta a hankali, shiru. Na duba kunnen, ga ruwa yana fita. Muka kira uwar aka kai ta likita. Malamar ta ji kunya, na ce mata ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa nuna mata. Yawancinsu haka suke, an turo su ne daga firamare ba tare da horon ko mako guda ba, kamar yadda aka turo ni.

A wurin taron rabon azuzuwa kuwa yanzu da takarda nake zuwa: ga yawan yara, ga shekarunsu, ga abin da doka ta ce. Wasu shugabannin sun yarda sun ba ƙanana ajin gini, wasu sai an kai ruwa rana. A wata unguwa ƙungiyar iyaye mata ce ta tara kuɗi, maza suka buga tubalin laka, aka yi aji da rufin kwano da ƙofa biyu. Da sauran aiki mai yawa. Akwai jardan da ba su da makewayi, akwai waɗanda ba ruwan sha, kuma yaran da ke samun shiga jardan ɗin ma 'yan kaɗan ne in aka kwatanta da waɗanda ke gida, musamman a karkara. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ina jiran in ga littattafai da horon da za su kawo hakan cikin ajin ƙanana.

A gida, autata ta daɗe kafin ta sake sakin jiki da ni. Sai da na riƙa ajiye jaka da waya in zauna da ita a tabarma kowace yamma. Yanzu tana firamare, ita ke jirana a ƙofa. Yayan maigidana bai taɓa ɗauko zancen baya ba, amma a farkon shekarar karatun nan da kansa ya riƙo hannun jikarsa ya zo yana tambayata wane jardan zai kai ta.

Abokan aiki suna matsa mini in nemi matakin sufeto, domin a can ne ake da ta-cewa a kan buɗe jardan ko rufe shi. Ina so. Sai dai hakan na nufin sake komawa Yamai, Inna kuma ƙarfinta ya ragu, gwiwa ta hana ta ko zuwa kasuwa. Na karɓi takardun na cike su, amma ban kai ba tukuna, sai na ga yadda jikinta zai yi zuwa ƙarshen ɗari.